Madugu da Ejan: Tarihin Fita Waje Cikin Ayari a Karkarar Arewacin Kano

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga birnin Kano ta nufi Ɗambatta, ko wadda ta yi Bichi da Tsanyawa, zai lura da cewa babu daji. Gona tana jingine da gona, ƙauye yana hango ƙauye, kowace bishiyar gawo ko ɗorawa ko kuka tana da mai ita. Shekara da shekaru ana noma waɗannan gonaki ba hutu, ba abin da ya riƙe su sai takin da jakuna ke ɗaukowa a mangala. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin kewayen Kano a shekarun 1960, ya sanya yankin cikin karkara mafi cunkoson manoma a wannan sashe na Afirka. Baƙo zai iya ɗauka cewa mutanen da suka manne wa ƙasa haka ba su san ko'ina ba sai kasuwar garinsu. Amma a irin waɗannan ƙauyuka ne na tashi ina jin tsofaffi suna ambaton Gwanja da Salaga, da Abashe da Bar Sudan, kamar suna zancen unguwar da ke bayan rafi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Damina a arewacin Kano wata huɗu ce, in ta yi albarka ta kai biyar. Da an kai gero da dawa rumbu, an roro gyaɗa da wake, sai magidanci ya tarar da wata bakwai a gabansa ba aikin gona, ga baki da yawa, ga gona ƙarama. Wasu su zauna kan saƙa da rini da jima, kamar yadda aka san Minjibir da masaƙa tun da. Wasu kuwa su ɗaure kaya su fita. Abin da ya ja hankalina, tun ina ɗalibin tarihi a jami'a, shi ne yadda suke fitar. Bahaushen karkara bai saba ƙetare iyakar ƙasarsa shi kaɗai ba. Yana fita ne cikin jama'a mai shugaba da dokoki da asusu, wato ayari. Kuma ina ganin duk wanda ke son ya fahimci ƙungiyoyin da ke haɗa kuɗi a yau su tafi Kaulaha ko Umara, da kuma masifar da ke afka wa waɗanda ejan ke kwasa zuwa Libiya da Aljeriya, to, sai ya fara da ayarin Gwanja.

Hanyar tsohuwa ce ƙwarai. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja. Gwanja kuwa ita ce ƙasar Gonja da ke arewacin Ghana ta yau, kuma babbar kasuwarta a ƙarni na 19 ita ce Salaga. Can Asantawa ke kawo goro daga kurminsu, can fataken Hausa ke tarye shi. Tsakanin Kano da Salaga ya haura kilomita 1,000 ko da tsuntsu ne ya miƙe, balle mai jaki da ke ratse-ratse. Wasu ayarin kan bi ta Zariya su ƙetare Kwara a wajen Yawuri ko Busa, su shiga Bargu, su wuce Nikki da Jugu, su bi ta Sansanin Mango da Yandi kafin su sauka Salaga. Wasu kan yi arewa ta Sakkwato da Jega su ratsa ƙasar Gurma. Zuwa da dawowa yakan ci wata shida, wani lokaci shekara cur.

Ba ƙananan tafiye-tafiye ba ne. A 1826 Baturen nan Hugh Clapperton ya gamu da wani ayarin Hausawa a Kayama, cikin ƙasar Bargu, suna dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta su fiye da mutum 1,000, maza da mata, da dabbobin ɗaukar kaya kusan yawansu. Gari ne sukutum yake tafiya a ƙasa. Da Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya tarar goro na cikin manyan kayan da ke shigowa Kasuwar Kurmi. Abin da fatake ke kaiwa can kuwa yawancinsa gumin karkara ne: turkuɗi da sauran baƙaƙen tufafin da aka rina aka buga, jar fata, kanwa da ake sarowa daga Barno, da gabu, wato busasshen ganyen albasa da mata ke dandaƙawa su cura. Ina son wannan gabun a cikin labarin, domin yana tuna mini cewa har matar da ba ta taɓa fita daga kulle ba tana da hannu a kasuwar da ke nesa da ita da tafiyar wata uku.

Su wane ne fataken? Paul Lovejoy, wanda ya zauna da tsofaffin 'yan kasuwar goro a Kano a ƙarshen shekarun 1960, ya kuma fitar da littafinsa kan ayarin goro a Zariya a 1980, ya nuna cewa rukuni uku ne suka fi riƙe harkar: Agalawa, Tokarawa da Kambarin Barebari. Kambarin Barebari sun yi ƙarfi a Gummi. Agalawa da Tokarawa kuwa asalinsu daga arewa ne, cikin Bugaje da sauran talakawan Azbinawa waɗanda suka gangaro suka zauna a ƙauyukan Katsina da Kano, suka zama manoma, suka zama Hausawa. Har yau sunayensu na nan a kan garuruwa da unguwanni, kamar Tokarawa da ke kan hanyar Haɗeja. Wannan bai ba ni mamaki ba. Arewacin Kano ne mashigar ayarin Azbinawa masu kawo gishirin Bilma da dabino, nan suke sauke raƙumansu da rani, manomi ya yi murna da kashin da za su bar masa a gona. Mutumin da ya tashi yana ganin ayari na sauka a bayan gidansa, ba sai an koya masa cewa hanya sana'a ce ba.

Tsarin ayarin shi ne zuciyar wannan magana. A sama akwai madugu, wanda ake yi wa kirari da uban tafiya. Ba sarki ke naɗa shi ba, kuma ba dukiya kaɗai ke ba shi matsayin ba. Mutum ne da ya bi hanyar sau da yawa, ya san rijiyar da ke ƙafewa da wadda ba ta ƙafewa, ya san sarkin da ake shiga fadarsa da riga da wanda ake shiga da kanwa, ya kuma ji harsunan hanya ko da kaɗan-kaɗan. Ƙarƙashinsa akwai jagaba, mai wucewa gaba ya duba hanya da inda za a yada zango. Akwai uban dawaki, mai kula da tara abin da za a biya a mashigai. Akwai malamin ayari, magatakarda, mai riƙe lissafi da rubuta wasiƙa, shi ke jan salla, shi ake tuntuɓa kan ranar da ta dace a tashi. Kowane ɗan ayari da jarinsa da jakunansa da yaransa, ribarsa tasa ce, faɗuwarsa tasa ce. Abin da aka haɗa shi ne tsaro da fito da shawara.

Fito yana bukatar ɗan bayani. Kowace ƙasa ayari ya shiga, sai ya biya kafin ya wuce, haka a bakin kowane babban kogi. Da a ce kowa zai yi cinikin kansa, da an tatse su ɗaya bayan ɗaya. Sai madugu ya shiga gaban sarki shi kaɗai da sunan kowa, a yi ta ja-in-ja, wani lokaci kwana da kwanaki, har a tsaya kan adadi. Sannan a dawo zango a raba nauyin bisa yawan kayan kowa. A nan ake gane madugun kirki. In ya yi sakaci aka tsawwala, jama'arsa ta yi asara. In ya yi taurin kai ya ɓata wa sarki rai, to, Bargu ƙasa ce da ta yi suna wajen 'yan kwanton ɓauna, kuma ba wuya labari ya riga ayari isa daji.

Ga kuma goro da kansa, wanda ba ya haƙuri. Ana jera shi cikin ganye a ɗaure huhu, kuma duk bayan 'yan kwanaki sai an kwance, an yayyafa ruwa, an tsince wanda sankara ta kama kafin ya ɓata sauran. Rana ɗaya ta ɓata a banza asara ce, gaggawar da za ta hana duba kaya ita ma asara ce. Saboda haka tafiyar tana da ƙa'ida: a tashi da asuba, a sauka kafin rana ta take, mata su hura wuta, yara su nemo ciyawa da ruwa, a kewaye zango da ƙaya in wurin ba amintacce ba ne. A manyan garuruwa kuwa akwai fatoma, mai masaukin da ke ba baƙo ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an yi bashi. Waɗannan masaukai su ne suka girma suka zama unguwannin da har gobe ake kira Zango a Kumasi da Ankara da Lome. Kalmar da ke nufin wurin kwana ɗaya ta zama sunan wurin da jikoki suka yi furfura.

To, me ya hana madugu cin amana? Yana da damar yi. Shi ke shiga fada, shi ya san abin da aka biya da gaske, a hannunsa ake barin kayan wanda ya rasu a hanya. Na yi wannan tambaya ga dattawan garinmu fiye da sau ɗaya, kuma amsarsu ba ta canzawa. Na farko, da shi ake tafiya: ƙishirwar da za ta kashe ɗan ayari ita za ta kashe shi, kibiyar da za a harbo ba ta tambayar wane ne madugu. Na biyu, gida ɗaya za a dawo. Gonarsa tana nan kusa da ta wanda ya mutu, matarsa da matar mamacin rijiya ɗaya suke ɗibar ruwa. In ya dawo ba bayani mai gamsarwa, ba sai an kai shi gaban alƙali ba, baɗi kawai ba wanda zai bi shi, kuma madugun da ba mabiya sunansa matafiyi. A ƙasar da kowa ya san kakan kowa, cunkoson nan da ya ƙuntata gona shi ne kuma ya zama jingina.

Ba na son in yi wa ayari kwalliyar da bai cancanta ba. Amanar da nake magana a kai tsakanin 'ya'ya ce, masu jari. Da yawa daga cikin masu ɗaukar kaya a ka bayi ne, haka da yawa daga cikin matan da ke dafa abinci. Salaga kasuwar goro ce, kasuwar bayi ce kuma, musamman a shekarun 1880 lokacin da mayaƙan Zabarmawa irin su Babatu ke kai hari ƙasar Gurunsi. Wasu da aka fita da su daga ƙasar Kano a matsayin 'yan dako ba su dawo ba, domin su ma kaya ne. Ba a haramta bauta gaba ɗaya a Arewacin Najeriya ba sai 1936. Duk wanda ya ce da can kowa ɗan'uwan kowa ne a kan hanya, bai tambayi wanda aka ɗora wa huhun goro ba.

Rushewar hanyar Gwanja ta zo da sauri. A 1874 Ingilishi suka ci Kumasi, ƙarfin Asante a kan Salaga ya karye, goro ya fara sauya kasuwa. A 1892 yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga kanta, fatake suka watsu zuwa Kete-Karachi da Kintampo da wasu garuruwa. Cikin waɗanda suka bar ta har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano wanda ya ƙare rayuwarsa yana limanci a Kete-Karachi a 1934. A 1903 Turawa suka ci Kano, suka ɗora wa ayari nasu harajin, wanda ba a soke ba sai 1907. Amma abin da ya yi wa jaki kisan mummuƙe shi ne jirgi. Goro ya koma bin teku daga gaɓar Ghana zuwa Ikko, dogo kuma ya iso Kano a 1911. Alhassan Ɗantata, Ba'agale daga Bebeji wanda shi ma ya san hanyar Gwanja da ƙafarsa, yana cikin waɗanda suka fara gane haka suka koma jirgin ruwa. Daga baya Yarabawa suka dasa irin goron a Shagamu da Agege, aka daina ma bukatar zuwa Gwanja. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Dorayi a farkon shekarun 1970, ta nuna yadda karkarar Kano ta yi hasarar fataucin nesa a wannan zamani, harka ta tattare a birni kusa da tasha. Manomin da kakansa ya san Nikki da Yandi ya koma mai noma gyaɗa yana kai wa kan sikeli.

Sai dai ayarin bai mutu ba, gabas ya juya. Tun kafin Turawa akwai masu tafiya Makka a ƙasa, amma 1903 ta buɗe hanyar da faɗi. Da Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira ya nufi gabas, talakawa da yawa, har da na ƙasar Kano, suka bar gonakinsu suka bi shi. An kashe shi a Burmi a watan Yuli na shekarar, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'ar har bakin kogin Nilu a Sudan, inda garin da ke ɗauke da sunansa yake har yau. Daga nan hanyar ta zama sananniya: Maiduguri, Fort Lamy wadda ake kira Njamena yanzu, Abashe, Janaina, Fashir, Ubayyid, Hartum, sannan Sawakin ko Bar Sudan, a ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. Tsofaffinmu sun ce mai niyya yakan biya bashinsa, ya bi gida-gida ana yafe juna, domin tafiyar ta shekaru ce. Akan tafi gida guda ko unguwa guda, a bayan wani malami ko wani da ya taɓa zuwa. In damina ta riske su sai su tsaya su yi noma, in guzuri ya ƙare su yi ƙodago. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, dubban Hausawa suka zama 'yan tsinkar auduga, da niyyar tara kuɗin jirgin ruwa. Wasu sun tara sun wuce. Wasu har yau jikokinsu na can suna cewa a kan hanya suke.

A wannan hanya ce aka fara ganin abin da ke faruwa idan igiyar da ta ɗaure shugaba da gida ta tsinke. Mai jan ayarin Gwanja zai dawo cikin shekara. Mai jan alhazai a ƙasa wataƙila ba zai dawo ba har abada, kuma ya san haka. Takardun gwamnatin mulkin mallaka na shekarun 1920 da 1930 suna ɗauke da ƙorafe-ƙorafe kan yara da matan Afirka ta Yamma da aka tafi da su da sunan aikin hajji aka sayar da su a Hijaz, inda ba a soke bauta ba sai 1962. Ban ce haka akasarin shugabannin suka kasance ba. Yawancinsu sun kai jama'arsu, sun binne waɗanda suka mutu, sun aiko da labari gida. Amma ƙofar da ba ta buɗuwa a hanyar yamma ta buɗu a ta gabas.

Abin da ya biyo baya kowa ya san shi. A 1948 wasu attajiran Kano, cikinsu har da Alhaji Haruna Kassim da Alhaji Mamuda Ɗantata, suka shiga harkar jigilar alhazai da motoci ƙarƙashin WAPA, sunan da ya zauna a kan wani yanki na Fagge har yau. A shekarun 1950 jirgin sama ya karɓa. A 1975 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar alhazai, a 2006 aka kafa NAHCON. Tafiyar shekara bakwai ta koma ta awa biyar. Wannan alheri ne, ba mai musu. Amma a cikinsa aka haifi wani sabon mutum wanda ayari bai san shi ba: ejan, mai karɓar kuɗi da fasfo, ya shirya tafiyar da shi ba zai yi ba.

Yau a karkarar arewacin Kano magadan ayari iri biyu ne, kuma suna zaune kafaɗa da kafaɗa. Na farko su ne ƙungiyoyi. Akwai na samari masu kiran kansu kulob, akwai na ci gaban gari, akwai adashin mata, akwai zawiyoyi. Tun bayan haɗuwar Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Shehu Ibrahim Inyas a hajjin 1937, alaƙar Kano da Kaulaha ta ƙasar Sanigal ta yi ƙarfi, kuma duk shekara zawiyoyi kan haɗa kuɗi su ɗauki mota zuwa Mauludi a Madina Baye. Yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979 ta sauƙaƙa abin, aka riƙa bi ta Maraɗi da Yamai da Wagadugu da Bamako ba tare da biza ba. Na taɓa zama na kalli yadda wata ƙungiya a garinmu ke shirya irin wannan tafiya, sai na ga kamar ina karanta Lovejoy da ido. Shugaban da aka zaɓa shi ne wanda ya fi kowa yawan zuwa. An tura mutum ɗaya ya riga su don neman masauki. Ma'aji ya ware wani kuɗi a jaka daban saboda shingayen hanya, aka kuma yi doka cewa ba wanda zai sauka ya yi magana da jami'i sai shugaba. Mai rubuta sunaye kuwa ko sunan muƙaminsa bai canza ba, magatakarda ake ce masa. Ba wanda ya karanta tarihin fatake a cikinsu. Bukata iri ɗaya ce ta sake haifar tsari iri ɗaya, a tsakanin mutanen da suka san za su dawo su haɗu a masallaci ɗaya.

Na biyu shi ne ejan. Yakan zo ƙauye da mota mai kyau, ko ma ba ya zuwa, lambar waya ce kawai ke yawo. Ya yi wa bazawara alkawarin aikatau a Jidda, ya yi wa saurayi alkawarin aikin gini a Libiya. A sayar da gona, ko a jinginar da ita, a ba shi. Su ma waɗannan matafiya cikin taro suke tafiya, mota cike, har ma sukan kira kansu ayari. Amma taro ne na mutanen da ba su zaɓi shugabansu ba, ba su san gidansu direba ba, kuma kowane zango sai a miƙa su hannun wani sabo wanda bai san na baya ba sai ta waya. A watan Oktoba na 2013 wasu motoci biyu suka tashi daga Arlit a Nijar suka nufi Tamanrasset ta Aljeriya, suka lalace a cikin sahara. Da masu ceto suka isa, gawa 92 suka tarar: yara 52, mata 33, maza 7. Ƙishirwa ce ta kashe su. Mafi yawansu daga yankin Kance suke, a jihar Damagaram, Hausawa manoma masu ƙaramar gona da dogon rani irin namu, waɗanda ke da tazarar 'yan sa'o'i kaɗan a mota daga Ɗambatta in an bi ta Daura. Gwamnatin Nijar ta yi zaman makoki na kwana uku. A 2015 ta kafa dokar hana safarar baƙin haure, a ƙarshen 2023 sabuwar gwamnatin soja ta soke ta. A tsakanin nan hanyar ba ta rufu ba, sai dai direbobi suka riƙa kauce wa rijiyoyin da aka sani don gudun jami'ai.

Akwai masu cewa maganin abin shi ne mutane su zauna gida. Ina ganin wanda ya faɗi haka bai taɓa raba gonar gado tsakanin 'ya'ya goma sha ɗaya ba. Ƙasar da Mortimore ya ga ta cika a shekarun 1960 ta ninka cika, damina kuwa ba ta ƙara ko kwana ɗaya ba. Fita za a yi, kamar yadda aka yi shekara ɗari biyar ana yi. Su ma ƙungiyoyin ba su tsira daga canjin zamani ba. Rashin tsaro a Mali da Burkina Faso ya sa tsohuwar hanyar Kaulaha ta zama abin tsoro, an rufe iyakar Najeriya da Nijar na wasu watanni bayan juyin mulkin Yuli 2023, kuma a Janairun 2025 ƙasashen uku suka fice daga ECOWAS. Da hanyar ƙasa ta yi wuya sai a koma jirgi, da an koma jirgi kuwa sai an nemi mai yankan tikiti da mai shirya takardu. Ta nan ejan ke shigowa cikin ƙungiyar kanta.

Haka ta faru ga ƙungiyar garinmu da na ambata. Wani ya zo musu da tayin cewa su zuba kuɗinsu gaba ɗaya a asusunsa, shi zai yi komai, su dai su hallara a filin jirgi. Farashinsa ya fi na kowa sauƙi, samari suka yi na'am. Aka kai maganar gaban wani dattijo da ke cikin iyayen ƙungiyar, wanda mahaifinsa ya yi shekara tara a hanyar gabas. Ya saurara har aka gama, sannan ya dubi shugaban ya ce, "Malam, shi wannan bawan Allah, da shi za a tafi?" Aka ce a'a, Baba, shi a Kano zai zauna. Ya ce, "To, ina ne gidansu? Wa ya san ubansa?" Aka dubi juna.

Ba su fasa tafiyar ba. Sun nemi wani mai kamfanin tafiye-tafiye wanda kawunsa ke aure a garin, ko da yake kuɗinsa ya ɗara na farkon. Suka ƙi biya gaba ɗaya, suka raba kuɗin kashi uku, kashin ƙarshe sai an ga tikiti a hannu. Fasfo kuwa aka ce ba zai kwana a wurin kowa ba sai magatakarda. Ƙarin kuɗin ya sa mutum huɗu suka janye, aka mayar musu da zubinsu cif, aka rubuta sunayensu a farkon jerin baɗi. Sauran suka tashi bayan an gama girbin gero.